Shekarar da Firdausi Ta Bar Ɗakina

Ku 'ya'yana, na san kowannenku ya ji labarin nan ta waya, kuma na san yadda aka ba ku shi. An ce muku tsohuwa ta rikice, ta fifita tsummokara a kan jikarta. Wanda ke Yamai ya kira ni ya yi ta kewaye-kewaye har kuɗin wayarsa suka ƙare bai faɗi abin da ya kira ya faɗa ba. Wadda ke Maraɗi ta aiko mini da turare da gaisuwa kamar ana gai da mai jinya. Ban ba kowa amsa ba a lokacin, don maganar ba ta waya ba ce, kuma ba irin wadda uwa ta saba yi da 'ya'yanta maza ba ce. Yanzu idona ya fara gajiya da ramin allura, zama wuri ɗaya kuma ya gagare ni, to gara ku ji daga bakina tun ina iyawa. Wanda kunya ta kama shi ya shiga ɗaki ya karanta shi kaɗai.

Firdausi 'yar babbanku ce, wanda bakina bai saba kama sunansa ba, sai dai in ce Babba. Tun ranar da aka yaye ta uwarta Rakiya ta miƙo mini ita, a bayana ta yi kwana har ta girma. A gindin keken ɗinkin da mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ya saya mini ta koyi rarrafe, da ƙyallayen da nake zubarwa ta yi 'yartsana. Yarinya ce mai baki, mai son a ce ta fi kowa tsabta. Ko hijabin lakol ɗinta, na zuwa makaranta, ba ta yarda in wanke mata, wai ba na murza wuyan yadda ya kamata. A shekarar da nake ba ku labari tana kolej a nan Gazawa, saura aji ɗaya ta kai na fita, kuma malamanta suna yabonta.

Kun san sana'ar Babba. Ya hau babur ya tsallaka iyaka, ya ɗauro sabuni da taliya da madara da omo ya kawo wa masu kanti. Cikin kayan akwai audugar mata, wadda ake sa wa sau ɗaya a yar, Rakiya ce ke sayar wa matan unguwa a cikin gida. Saboda haka lokacin da Firdausi ta fara ganin al'ada ba ta san wani abu wai shi ƙunzugu ba. Mu a zamaninmu tsohon zane ake yagawa, a naɗe, a wanke a ɓoye, a shanya inda ko kaza ba ta gani. Ita kuwa uwarta ta miƙa mata leda mai hoton fure, shi ke nan. Ni ma na yi murna, na ce yarinyar nan ta huta da abin da muka sha.

Sai aka rufe iyaka. Babur ɗin Babba ya koma gindin bishiyar bedi yana tara ƙura, shi kuma ya koma fada a ƙofar gida wurin abokansa, a dafa shayi a sha, a tashi, a dawo a zauna. Wani lokaci yakan bi ta hanyar daji ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, kuma abin da yake ɗaukowa na ci ne, don shi ne gidan ke jira. Audugar nan ta ɓace daga ɗakin Rakiya. Wadda ta rage a kanti kuwa, kuɗinta sai mutum ya tsaya ya zaɓa tsakaninta da hatsin tuwon dare. Ba wanda ya zauna ya ce an daina saye. An dai daina, kowa ya yi shiru.

Bayan an koma lakol a lokacin kaka na fara lura da ita. Wata safiya sai ta ce kanta na ciwo, ta kwana biyu ko uku a gida, ta warke, wata ya zagayo ciwon kan ya dawo. A kwanakin nan ba ta zama. Ta tashi ta leƙa ƙofa, ta dawo ta jingina da bango, ta ɗauki littafi ta ajiye, in ta ji muryar ƙawayenta suna wucewa ta ja labule. Ni kuma na ga gefen katifarmu yana raguwa, an yagi soson, na ɗauka ɓera ne har na sa aka kawo mini tarko. Ranar da na ɗaga katifar don in share na ci karo da abin da ke ƙasa: guntayen tsohuwar rigarta da soson katifa, an wanke su sama-sama an cusa da danshinsu, sun yi baƙi-baƙi suna wari. Na mayar da katifar yadda take. Na rasa ta inda zan fara mata magana, ita ma ta san na gani, muka yi ta kewaye juna a ɗaki ɗaya.

Da sanyi ya shigo jikinta ya nuna. Ƙaiƙayi ya kama ta, sai zazzaɓi, tafiya ma sai tana buɗa ƙafa. Na ɗauke ta muka tafi likita ba tare da na gaya wa ubanta abin da ke damunta ba. Ungozomar da ta duba ta mace ce mai sauƙin kai, ta ba da magani, sannan ta ja ni gefe ta ce ba tsumman ne ya yi mata illa ba, danshin ne. Ta ce duk abin da za a sa a wurin a wanke shi da sabuni, kuma rana ta buge shi har ya bushe ƙarau, in ba haka ba za mu dawo, kuma irin wannan ciwo in ya yi ta maimaituwa yana iya taɓa mahaifa. Ta ce ba Firdausi ce ta farko ba a makon nan. A hanyar dawowa yarinyar tana gaba ina baya, ba ta waiwayo ba har gida.

Ba a daɗe ba malamarsu, Madam Salamatu, ta yi sallama gidanmu wata la'asar. Ta zo tambayar abin da ke hana yarinya mai ƙoƙari zuwa aji. Da ta ga daga ni sai ita, ta ce ta san amsar, don kujerun 'yan mata a ajinta bi da bi suke zama wayam, yau wannan gobe waccan. Ta ce bayan gidan lakol ba ƙofa ba ruwa, yarinyar da abu ya ɓata wa zane sai dai ta ɗaura hijabi a ƙugu ta gudu gida maza na dariya. Sai ta buɗe jakarta ta fito da wani abu da aka ba su a wani taron malamai a garin Agye. Dogo ne kamar tafin takalmi, da fukafukai biyu da maɓalli, cikinsa yadi mai laushi ninki-ninki, ƙasansa wani yadi da ruwa ba ya ratsawa. Ta ce ana wankewa a sake sawa, yakan kai shekara.

“Inna, ke ce mai keke a unguwar nan,” in ji ta. “Ni alli na iya riƙewa. Ki duba ko zai ɗinku.”

Na karɓa na juya shi, na ce ta bar mini. Washegari na farke shi ɗinki bayan ɗinki na ga yadda aka jera shi. Ba wani abin mamaki a ciki, ƙunzugunmu ne na da aka yi wa hankali. Na je kasuwa wurin masu gwanjo na tsinto tsofaffin tawul da bargon jarirai, na tafasa su. Yadin da ruwa ba ya ratsawa ya ba ni wuya, sai da na tuna da laima, na bi gidaje ina karɓar karyayyun laimomi ina cire rigarsu. Na bayan da zai rufe duka kuwa ba ni da sabon yadi, sai na yanka atamfata koriya mai zanen kifi, wadda na yi shekara da shekaru ina zuwa suna da biki da ita. Ta tsufa amma ta yi laushi, kuma auduga ce zalla. Na ɗinka na farko ya karkace, na biyu ya yi kauri kamar matashi, na uku ya zauna.

Na ajiye wa Firdausi a kan akwatinta. Da ta dawo ta gani, ta ɗaga shi da yatsa biyu.

“Kaka, wannan ai na waɗanda ba su da komai ne. Ni in wanke jini da hannuna, in sake mayar da shi jikina? In 'yan ajinmu suka ji, na shiga uku.”

Na ce mata ai wanda ke ƙarƙashin katifa ma da hannu aka wanke shi. Ban faɗa don in ci mata fuska ba, amma ta fita ta bar mini ɗakin.

Wadda ta fara karɓa ƙawarta ce Mariya, 'yar wani ƙauye da aka kawo Gazawa karatu, tana zaune gidan wani ɗan'uwan babanta inda ba ta da wanda za ta gaya wa irin wannan magana. Madam ce ta turo ta. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta cusa cikin hijabi, bayan sati ta dawo da wasu biyu. Daga nan suka fara zuwa, biyu-biyu, bayan la'asar, kowace da uzurinta a hannu, wannan hijabi ya yage, waccan zip ya lalace. Sai sun ga tsakar gida ba kowa sannan a yi ƙasa da murya. Na ji maganganu a wurin yaran nan da ban taɓa zaton suna ɗauke da su ba. Wata ta tambaye ni ko na kusa da ita a aji zai ji wari. Wata ta ce in ta canza a lakol ina za ta sa wanda ta cire, sai na fara ɗinka musu 'yar jaka ta yadin laima. Wata ta ce uwarta ta gargaɗe ta, duk wanda ya samu ƙyallen jininki zai iya ɗaure miki haihuwa, don haka ita ƙonawa take yi, ba ta ajiyewa. Akwai wadda ta karɓa ta dawo da shi washegari, ta ce ruwan da suke saye a gidansu na sha da girki ne, in ta ɗiba za a tambaye ta na mene ne. Akwai kuma 'ya'yan masu hali da har yanzu ake saya musu ta kanti, su ne ke kiran abin nawa tsumman kaka, kuma dariyarsu ta fi komai tsorata sauran. Wadda ke da abu takan kawo mini ɗan wake ko gyaɗa, wadda ba ta da shi ta tafi da nata haka nan.

Firdausi tana kallon duk wannan daga bakin gado, tana yi kamar karatu take. Sai da zafi ya shigo, wani gwaji ya faɗo daidai kwanakinta, sannan na ga abin ya bar kan akwati. Satin nan kullum ta je lakol. Ba ta yi mini godiya ba, ni ma ban nema ba. Da na tambaye ta da ido, ta ce ba laifi, sai dai maɓallin yana cizo, in matsar da shi. Na matsar.

Rigimarmu ta dawo wurin shanya. Ita so take ta wanke ta baza a ƙarƙashin gado, ni kuma maganar ungozoma na kunnena. Na ɗaura igiya a bayan ɗakina, tsakanin bango da katangar maƙwabta, na sa aka kafa zana ta tare wurin, in an shanya kuma a lulluɓa tsohon mayafi mai shara-shara a kai. Rakiya ta zo ta tsaya ta duba, ta ce Inna anya, gidan nan da maza ke shiga da fita. Na ce mata wane namiji ne ke da aiki a bayan ɗakin tsohuwa. Ta juya ta tafi, amma na ga hankalinta bai kwanta ba. Haka muka yi wata biyu ko uku lafiya, ciwon bai dawo ba, yarinyar ta daina fashi.

Ranar da hadarin farko ya taso ba na gida, na je gaisuwar rasuwa a wata unguwa. Bayan azahar gabas ta yi ja, iska ta zo da ƙarfinta tun kafin ruwa, tana kwashe kwanoni da tabarmi. Ina zaune cikin mata na tuna da igiya, amma ba halin fita. Iskar ta kwantar da zanar, ta ɗauke mayafin, ta tsallakar da biyu daga cikin abin da ke shanye zuwa titi. Ruwan bai ma sauka sosai ba. Da gari ya lafa yaran unguwa suka fito tsince-tsince, suka samu ɗaya, suka soke shi a kan kara suna yawo da shi. Su ƙananan ba su san ko mene ne ba. Samarin da ke zaune wurin mai shayi su suka sani, cikinsu har da 'yan ajinta. Atamfar kuwa duk unguwa ba wanda bai san ta a jikina ba, kuma kowa ya san tsohuwa irina ta daɗe da wuce wannan. Sai wani ya ce tutar Firdausi ce. Yaran suka ɗauka suna rerawa. A daidai lokacin ta karyo kwana ita da ƙawayenta daga lakol, ubanta kuma yana zaune a fada cikin abokansa, aka wuce da abin ta gabansu.

Da na iso gida na tarar da ita kwance ta juya wa ƙofa baya, ko hijabi ba ta cire ba. Rakiya na tsakar gida tana kuka ƙasa-ƙasa. Na zauna bakin gado na dafa ƙafarta, ta janye.

“Na ce miki a ƙarƙashin gado,” ta ce, ba ta juyo ba. “Ciwon ai ni kaɗai na san ina da shi. Wannan kuwa duk gari.”

Washegari ba ta je lakol ba, haka jibi. Madam Salamatu ta zo har sau biyu, ta ce ta hukunta yaran ajin, ta ce jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, Firdausi ta ƙi fitowa ta gan ta. Ko famfo aka aike ta sai ta ce a aiki wani.

Babba ya bari sai da aka kwana biyu sannan ya zo. Ya tsuguna a bakin ƙofata kamar yadda ya saba in zai gaishe ni, kansa a ƙasa, yana wasa da makullin babur. Bai ɗaga mini murya ba, kada wani ya ce muku ya yi. Ya ce ya san don alheri na yi, ya ce ya san laifin rashin nasa ne tun da shi ya kasa sayen audugar. Sannan ya zo ga abin da ya kawo shi.

“Inna, ki yi mini rai ki bar ɗinkin nan. Ba na iya zama cikin mutane. In aka ga an daina, maganar za ta mutu, yarinyar ta samu ta fita.”

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. Na rufe keken da zane. In zauna, in tashi, in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share, in fita kamar zan je wani wuri in tsaya a zaure in dawo. Babbar salla na matsowa, lokacin da ɗakina ya saba cika da yadi, sai ga mata suna aiko yara a karɓar musu kayansu ba a ɗinka ba. Wata maƙwabciya da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya ta ce ba za ta sa kayan salla da aka ɗinka a keken da ke ɗinka ƙazanta ba. Na ce mata sabon ƙyalle nake ɗinkawa, ba wanda aka sa ba, ta ce duk ɗaya ne. Matar limamin unguwa ta zo ta ce mini malam ya ce ba haramun a ciki, tsabta ce, addini ma yana son ta. Amma a ɗaki ta faɗa mini, da murya ƙasa, kuma ba ta ce in faɗa wa kowa ba.

Ina cikin wannan hali Mariya ta yi sallama, da wasu yara biyu da ban taɓa gani ba, su ma 'yan ƙauye da ke zaune gidajen mutane. Ba su kawo hijabin ƙarya ba wannan karon. Mariya ta ce sun ji abin da ya faru, sun kuma ji an ce na daina. Ta ce jarrabawa sati mai zuwa ce, ƙaramar cikinsu lissafinta ya nuna kwanakinta za su faɗo a ciki, kuma bara ma haka ta rasa jarrabawar ta maimaita aji, in ta sake faɗuwa babanta zai ce ta dawo gida. Yarinyar tana tsaye tana ta murza bakin hijabinta. Firdausi na kwance a gadon bayana, na san tana ji.

Na dube su, na dubi bayan jikata. Na san abin da ɗana ya roƙe ni, kuma na san bai taɓa roƙona wani abu ba tun da ya girma. Amma na kasa gano yadda rufe keken zai mayar da abin da yara suka riga suka rera a titi, ga kuma wannan a tsaye a gabana da nata satin yana zuwa. Na ce su dawo jibi. Da suka fita na yaye zanen na zauna na taka. Ƙarar keken nan ana jin ta har zaure, kuma Babba yana zaure.

Bai sake yi mini maganar ba. Bayan kwana kaɗan Rakiya ta zo ta ce ya yanke shawarar kai Firdausi Cadawa wurin 'yar'uwarku Hauwa, ta ci gaba da karatu can inda ba a san ta ba. A nan nake so ku saurara da kyau, don a nan aka fi karkatar muku da labarin. Ba a ƙwace ta daga hannuna ba, ni kuma ban kore ta ba. Na tambaye ta da bakina ko tana son tafiya, ta ce tana so. Na tambaye ta in na bar ɗinkin za ta zauna, ta ce ba ta sani ba. Ni ma har yau ban sani ba, kuma wannan rashin sanin shi ke tashe ni daga zaune. Ni na haɗa mata kaya. Na sa mata guda huɗu a ƙasan akwati, na baƙin yadi, ban gaya mata ba. Ubanta ya ɗauke ta a babur da safe, ta gaishe ni kamar yadda ake gai da baƙuwa.

Ba ta yi jarrabawar shekarar ba, sai da ta maimaita ajin a Cadawa. Sallar nan ban ɗinka wa kowa kaya ba in ban da jikokina na cikin gida. Wasu matan sun dawo daga baya, wasu har yau ba su dawo ba. 'Yan matan kuwa ba su daina zuwa ba, har iyaye mata suka fara aiko da nasu saƙon a ɓoye, ciki har da waɗanda suka janye kayan sallarsu. Ni da Babba muna gaisawa kowace safiya, yana tsugunawa kamar da, amma hirar da yakan tsaya ya yi mini ta ragu.

Sai bayan an yi girbi na samu na je Cadawa, ranar kasuwa, a motar haya. Hauwa ta karɓe ni, Firdausi ta dawo daga lakol ta same ni a tsakar gida. Ta yi tsawo, ta rame kaɗan. Ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta zauna nesa. Sai da Hauwa ta shiga madafa sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙyalle mai kusurwa huɗu, ɗinkin hannu, ta shimfiɗa a cinyata. Ta nuna mini yadda ake ninka shi uku a zura cikin wani ɗan marfi mai maɓalli. Ta ce marfin ƙarami ne, yana bushewa ko a ina, shi kuma ƙyallen in aka baza shi a igiya ba wanda zai ce ba hankici ba ne. Ta ce ita da wata ƙawarta suka yi ta gwadawa, yanzu su biyar ke amfani da shi a ajinsu, kuma a tsakar gida take shanya nata, mijin Hauwa na wucewa bai taɓa kallo ba. Ta ce in tafi da shi in ɗinka irinsa a keke, nata ɗinkin yana warwarewa.

Na juya shi a hannuna, na ga ya fi nawa dabara nesa ba kusa ba, na kuwa gaya mata haka. Ta ɗan yi murmushi, shi ne na farko da na gani tun ranar hadarin. Sai na yi ƙarfin hali na ce mata ɗakin ya yi mini faɗi, ko za ta dawo in an yi hutu, ta ƙarasa ajin fita a gida.

“Kaka, sun manta?”

Na so in ce mata sun manta. Amma a satin nan ma, ina dawowa daga kasuwa, na ji wani yaro ya ce tutar Firdausi a bayana.

“Ba su manta ba,” na ce.

Ta gyaɗa kai, ta karɓi ƙyallen ta ninke shi da kyau ta sa mini a jaka. Da la'asar ta raka ni tasha tana riƙe da jakar, ta tsaya har motar ta cika. Da direba ya tayar, ta leƙo ta taga ta ce in gai da Mariya, in kuma ce mata ta dinga sa gishiri kaɗan a ruwan jiƙo, yana fitar da tabo.